Filin Direba Da Bakanike: Babbar Taya Bashi Ce, A Aksul Ake Biya

Wata al'ada ta shigo wa masu motocin ɗaukar kaya na birnin Jos da kewayensa, musamman masu a-kori-kura da ke shan gas. Da zarar mutum ya sayi mota, tun kafin ya gama biyan bashinta, sai ya nufi gareji a Farin Gada ko Bukur, a ƙara mata ganyen sifirin, a ɗaga bodinta sama, a cire tayoyin da kamfani ya sa mata, a maye gurbinsu da waɗansu manya masu kaushi. Motar takan fito da kwarjini, har yara su riƙa binta da kallo. Amma ba a cika yin mako biyu ba sai mai ita ya komo da kuka, ya ce ta daina ja, tana tuƙa baƙin hayaƙi, kulocinta yana wari, hawan da a da take yi da giya ta uku yanzu sai da ta biyu. Daga nan sai a zargi nozul, a zargi famfon mai, a zargi mai sayar da gas, har a kai ga sauke injin da lafiyarsa ƙalau. Alhali kuwa ciwon yana can baya, cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul, inda ba wanda ya leƙa.

Gaskiyar magana ita ce, duk wanda ya ƙara wa motarsa girman taya ya sake mata giya gaba ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Bashi ya ci, kuma a aksul ake biyansa. In ya ƙi biya a can, to, kuloci da birki da aljihunsa su za su biya, wani lokaci ma har da rayukan waɗanda ya ɗauko.

Dalilin ɗaga mota

Ba za a ce masu wannan aiki ba su da hujja ba. Ƙasar Filato ƙasa ce ta ruwan sama, gama Jos takan sami kimanin milimita 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Wanda ke ɗauko dankalin Turawa daga ƙauyukan Bokkos, ko masara daga Mangu, ko kayan lambu daga bakin tsofaffin kududdufan kuza na wajen Barikin Ladi, ya san yadda hanya ke komawa a tsakiyar damina: kwazazzabo nan, dutse can, ga taɓo mai kama mota har ciki. Motar da ba ta da tsayi, cikinta zai daki ƙasa, ta kwana a daji da kayan da ba sa jiran gobe.

Sai dai akwai abu biyu da ake cuɗawa, alhali ba ɗaya ba ne. Ɗaga sifirin ko bodi yana nisanta jikin mota ne daga ƙasa, amma tulun aksul yana nan inda yake, domin shi a kan tayoyi yake zaune. Taya kaɗai ke iya ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Wanda ya cire taya mai tsayin inci 31 ya sa mai inci 35, inci 2 tak ya samu a ƙarƙashin tulun, watau kimanin santimita 5. Ya kamata mai mota ya riƙe wannan adadi a ransa, don ya auna shi da abin da zai biya a kansa.

Taki

Kafin jirgin ƙasa ya iso tsaunin nan, a ka da bayan jakuna ake sauke kuza har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, a komo da kayan aikin ma'adinai. Sai a 1914 ƙaramin jirgin nan na Zariya ya iso Jos da Bukur, babban layi kuma ya hauro daga Kafanchan a 1927. 'Yan dakon wancan zamani ba su karanta ilmin injin ba, amma sun san abin da kowane mai kaya a ka ya sani: a fili mutum yakan buɗe taki, in ya zo hawa kuwa sai ya gajarta shi. Wanda ya ce zai hau dutse da dogon taki da kaya a kansa, gwiwarsa ce za ta gaya masa gaskiya.

Mota ma da takinta. Takinta shi ne nisan da take ci duk lokacin da injin ya juya sau ɗaya. Abu uku ke yanke wannan nisa: giyar da direba ya sa, da haƙoran da ke cikin aksul, da girman taya. Taya mai inci 31 in ta juya sau ɗaya tana cin kusan mita 2.47, sabo da haka takan juya kamar sau 404 a kilomita. Mai inci 35 kuwa tana cin mita 2.79, takan juya sau 358 kawai. Ke nan an tsawaita wa motar taki da kimanin kashi 13 cikin 100, a kowace giya, tun daga ta ɗaya har ribas, ba tare da an ƙara wa injin ƙarfi ko kaɗan ba. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya tura motar gaba sai ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100. Wannan fa ban da nauyin sabuwar tayar, da faɗinta, da iskar da doguwar mota ke karo da ita a kan hanya.

Lambar aksul

A cikin tulun aksul akwai ƙarfe biyu masu haƙora da suka ciji juna. Ƙaramin yana haɗe da farfela, watau sandar nan da ke kawo juyi daga giya. Babban yana da siffar faifai, shi ke miƙa juyin ga tayoyi. In aka raba yawan haƙoran babban da na ƙaramin, abin da ya fito shi ne lambar aksul. Alal misali, faifai mai haƙora 41 da ƙarami mai 10 suna ba da 4.10, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙora 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 suna ba da 4.56, 39 da 8 suna ba da 4.88, 37 da 7 kuma 5.29. Waɗannan su ne lambobin da aka fi gamuwa da su a ƙananan motocin kaya irin na Toyota.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, sabo da haka a lura. Babbar lamba ita ce gajeren taki: ƙarfin ja da yawa, gudu kaɗan, injin yana yawan juyi. Ƙaramar lamba ita ce dogon taki: gudu da sauƙin ƙara a miƙaƙƙiyar hanya, amma rauni a hawa. Kamfani ba da ka yake zaɓen lambar ba. Yakan auna ƙarfin injin, da nauyin da motar za ta ɗauka, da girman tayar da ya sa mata, sa'an nan ya daidaita su. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki ya ɓata ma'aunin, sai ya taɓa wani kafin ya daidaitu.

Kafin a yi kowane lissafi, wajibi ne a tabbatar da lambar da ke cikin motar a yau, ba wadda aka ce tana ciki ba. Yawancin motocin da ke yawo a ƙasar nan na hannu ne, kuma da yawa an taɓa sake musu aksul da na wata mota. Ɗan allon ƙarfen da kamfani ya manna a jikin mota yana faɗin abin da ta fito da shi ne kawai. Hanya mafi tabbas ita ce a buɗe a ƙirga haƙora. In ba a son buɗewa, sai a sa waigi, a ɗaga tayar baya guda ɗaya, a bar giya a sake, a yi alama da alli a jikin tayar da kuma farfela, a juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin farfela. Adadin da aka samu shi ne lambar. In aksul ɗin mai kulle tayoyi biyu tare ne, sai a ɗaga dukansu, a juya sau ɗaya.

Haka nan girman taya, kada a dogara da ido. Rubutun da ke jikinta yana faɗi. Taya mai lamba 265/75R16 tsayinta kimanin inci 31.6 ne, mai 285/75R16 inci 32.8, mai 315/75R16 kuwa inci 34.6, ita ake kira ta 35. Amma tun da taya takan ɗan lotsa in an yi lodi, ya fi kyau a yi alama a ƙasa, a tura motar har tayar ta juya sau ɗaya, a auna da tef.

Lissafin

Lissafin kansa ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai iya. A ɗauki tsohuwar lambar aksul, a ninka ta da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. Motar da ta fito da 4.10 da taya mai inci 31, in aka sa mata mai inci 33, tana bukatar 4.36 don ta koma yadda take. In mai inci 35 ce, 4.63. In mai inci 37 ce, 4.89. In kuwa aka sa mai inci 35 aka bar aksul yadda yake, to, daidai yake da an cire mata 4.10 an sa 3.63, lambar da ta fi dacewa da motar shiga da ba ta ɗaukar komai sai mutum huɗu da jakunkunansu.

Ga yadda abin ke bayyana a hanya. A ɗauka giya ta biyar ta wannan mota 0.85 ce, kuma tana tafiyar kilomita 80 a awa. Da tayarta ta asali injin yana juyi kamar 1,880 a minti. Da mai inci 35 da tsohon aksul sai ya faɗo zuwa 1,660. In aka sa 4.56 ya koma 1,850, in kuwa 4.88 ce ya kai 1,980.

Muhimmancin waɗannan adadi shi ne, kowane injin yana da wurin da ƙarfin murɗawarsa ke kai maƙura. Injin 1HZ na Toyota, mai silinda 6 da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990 kuma ake samu a cikin Land Cruiser a-kori-kura, nasa yana wajen juyi 2,200 ne a minti. Injin da ke tafiya kusa da wannan wuri, in ya gamu da hawa yana da abin da zai tare shi da shi. Wanda ke can ƙasa da shi kuwa, da hawa ya taso juyinsa zai ragu, ƙarfinsa ya bi shi, direba ya danne totur, famfo ya zuba man da babu isasshiyar iskar ƙona shi, sai baƙin hayaƙi da zafi. Masu cewa babbar taya tana rage shan mai don injin ya rage juyi, ba su duba wannan ba. Tun daga 2022 da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, hayaƙin nan da ke fita ta salansa kuɗi ne tsaba ke ƙonewa.

Har wa yau agogon gudu yakan shiga yin ƙarya. In ya nuna 80, motar tana kan 90 ne. In ya ƙirga kilomita 100, ta ci 113. Sabo da haka lokacin juyen baƙin mai yakan wuce ba a sani ba, direba kuma ya shiga kwana da gudun da bai yi niyya ba. A tsofaffin motoci da agogonsu ke ɗaukar ƙirga daga bayan giya, gyaran aksul yakan gyara wannan ƙarya. A sababbi da ke ɗauka daga jikin wili kuwa, sai an daidaita shi dabam.

Harajin tsauni

Duk lissafin da ya gabata, mutumin Ikko ko Fatakwal ma zai iya amfani da shi ya tsaya nan. Mutumin Jos bai isa ya tsaya ba, domin akwai harajin da tsauni ke karɓa. Jos tana bisa kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa ta haura mita 1,800. A tsayin Jos iska ta fi ta bakin teku shaƙaf da kimanin kashi 11 cikin 100. Injin gas kuwa da iska yake ƙona mai. Abin da masana suka saba ƙiyastawa shi ne, injin da ke shaƙar iska da kansa yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ke nan ƙarfin da aka rubuta a littafin mota, wanda aka auna da iskar bakin teku, kashi 10 zuwa 12 daga cikinsa ba ya isowa Jos tare da ita.

To, a haɗa biyun. Tsauni ya ɗebi nasa, babbar taya ta ɗebi nata, sai a tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin jan motar ya tafi, ga shi ba a rage mata lodi ko buhu ɗaya ba. Wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya: mota ta yi sama, aikinta ya yi ƙasa.

Kuma babu hanyar shiga Jos da ba hawa ba ce. Mai zuwa daga Bauchi, wadda ke bisa kimanin mita 600, sai ya hau wajen mita 600 ta Toro da Tilden Fulani. Mai zuwa daga Zariya ta Saminaka da Jengre shi ma hawa zai yi. Mai zuwa daga Akwanga kuwa ga Hawan Kibo a gabansa.

Sababbin injuna masu na'urar cusa iska, wadda ake kira turbo, sun fi jure wa tsauni, domin na'urar tana maye yawancin iskar da ta ɓace, kuma ƙarfinsu yakan zo tun juyi bai kai 2,000 ba. Amma ko su, kafin na'urar ta ɗauka, watau lokacin tashi daga tsaye da kaya a kan hawa, babbar taya tana cin kulocinsu kamar yadda take cin na tsofaffi. In kuwa giyar mai sake kanta ce, sai ta riƙa kai da komowa tsakanin giya biyu, manta ya yi zafi, ta mutu tun kwananta bai ƙare ba.

Gangara ta fi hawa haɗari

Motar da ta gaza a hawa asarar lokaci da kuɗi take jawowa. Wadda ta gaza a gangara kuwa asarar rai. Hawan Kibo, a Ƙaramar Hukumar Riyom, kusa da inda ruwan Assop ke zubowa, ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen haɗarin motocin kaya, kuma duk direban da ya saba bin hanyar ya san dalili: doguwar gangara ce mai kwana, wadda birki kaɗai ba ya iya riƙe mota mai nauyi a cikinta. In aka yi ta taka shi yakan yi zafi, in ya yi zafi kuwa sai ya daina kamawa.

Babbar taya tana cutar mai gangara ta fuska biyu. Da fari, birki a kusa da tsakiyar wili yake kamawa, hanya kuwa a bakin taya take ja, sabo da haka duk inda taya ta ƙara tsayi hanya ta ƙara samun galaba a kan birki, da kashi 11 ɗin nan dai. Na biyu, riƙon da injin ke yi wa mota in an sa ƙaramar giya shi ma ya ragu da wannan gwargwado. Ga shi dama injin gas ba gwanin riƙo ba ne, domin iskar da fistin ya matse takan sake turo shi kamar sifirin, ta mayar masa da yawancin ƙarfin da ya kashe. Clessie Cummins, Ba'amurken nan da injunan Cummins suka ci sunansa, ya ɗanɗana wannan a 1931, lokacin da birkin babbar motarsa ya gaza a gangarar Cajon ta jihar Kalifoniya, har ya kusa karo da jirgin ƙasa. Abin da ya same shi ne ya sa daga baya ya ƙirƙiro birkin injin da kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Yawancin a-kori-kura kuwa ba su da irin wannan birki, giyarsu ce kawai madogara.

Gyaran aksul yana maido da riƙon injin. Amma a sani, ba ya maido da ƙarfin birki ko kaɗan, kuma ba ya sauko da nauyin motar da aka ɗaga sama, wanda ke sa ta saurin kifewa a kwana in an jibga mata buhuna. Dokar tsofaffin direbobi ita ce a sauka da giyar da aka hau da ita. Mai babbar taya da bai gyara aksul ba, sai ya ƙara sauko da giya ɗaya. Sakin mota ba giya a gangara don tsimin mai kuwa, sayar da rai ne a kan kuɗin lita guda.

Wace lamba za a zaɓa

Da wuya lissafi ya faɗa daidai kan lambar da ake sayarwa. A misalin da aka kawo ya ba da 4.63, a kasuwa kuwa akwai 4.56 da 4.88. Ta farko ta gaza ta kamfani da kashi ɗaya da rabi cikin 100, ta biyu ta fi ta da kashi 5.

Wanda motarsa ke da turbo, kuma yawancin tafiyarsa a kan kwalta ce ba kaya mai nauyi, zuwa Abuja ko Kaduna ko Kano, 4.56 ta ishe shi. Amma wanda injinsa ba turbo, yana lodi, yana shiga ƙauyuka, yana hawa da sauka tsaunin nan kowane mako, ya ɗauki 4.88. Kashi biyar ɗin nan da ta ƙara ba almubazzaranci ba ne, shi ne zai ɗan rage masa harajin tsauni da nauyin taya. Abin da zai biya a kai kaɗan ne: a gudun kilomita 100 injinsa zai yi juyi 2,470, inda na kamfani ke yin 2,350. Ƙa'idar ke nan ga mutumin Filato: in lissafi ya faɗa tsakanin lamba biyu, a ɗauki ta sama.

Sai dai kada a zarce. Lambar 5.29 da taya mai inci 35 za ta sa injin ya riƙa kururuwa a kan kwalta, yana juyi kusan 2,700 a gudun kilomita 100. Bugu da ƙari, duk inda lamba ta hau, ƙaramin ƙarfen nan yana ƙara ƙanƙancewa, haƙoransa su ragu daga 10 zuwa 7, ga babbar taya tana murɗa shi fiye da da. Masu ƙera manyan motoci sun daɗe da gane wannan iyaka, shi ya sa ba sa ɗora wa tulu dukan aikin. Kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya, wanda ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, ya shahara da aksul mai ƙarin haƙora a cikin cibiyar wili, irin wanda ake gani a tifofi da yawa. Unimog ta Mercedes-Benz kuwa haƙoran bakin wilinta ne ma ke ɗaga aksul ɗin sama. Watau su in suna son tsayi da babbar taya, tare da haƙoran da za su ɗauke ta suke ƙera su.

Aikin gareji

In an yanke shawara, saura aiki, kuma nan ne araha ba ta ado. Abu na farko, motar da ke ja da ƙafa huɗu aksul biyu gare ta, kuma dole lambarsu ta zama ɗaya. Wanda ya sake na baya ya bar na gaba, ranar da ya sa giyar taimako tayoyin gaba da na baya za su shiga jayayya, har wani abu ya karye a tsakani. Kuɗin aikin ninki biyu ne, a san da haka tun farko.

Na biyu, faifai da ƙaraminsa tare aka goge su a masana'anta, tare kuma ake sa su. Mai sayen na hannu a Dilimi ya ƙirga haƙora da kansa, ya duba lambar da aka buga a jikin kowanne, ya tabbata 'yan gida ɗaya ne, ya ƙi wanda haƙorinsa ya ɓantare ko ya yi rami.

Na uku, ɗaurin ba aikin guduma ba ne. Ratar da ake bari tsakanin haƙoran ba ta fi kaurin takarda biyu ba, da agogon awo ake auna ta. Bakaniken ƙwarai yakan shafa fenti a haƙoran, ya juya, ya duba inda suka taɓa juna, in bai yi tsakiya ba ya kwance ya sake. Yakan sa sabon boris da sabon abin tare mai. Mai mota ya tambayi bakanike da me zai auna. In ya ce da kunne, to, a gaishe shi a nemi wani. Aksul da ke kuka bayan aiki ba zai daina ba, sai dai ya ƙaru.

Na huɗu, a zuba man aksul na ainihi mai alamar GL-5, irin su 80W-90, ba baƙin man injin ba. In haƙoran sababbi ne, a bi su a hankali kimanin kilomita 800 na farko, ba lodi mai nauyi, ba doguwar tafiya ba hutu, sa'an nan a juye man. A kuma duba gaɓoɓin farfela, domin ɗaga mota yana karkata ta fiye da yadda aka tsara, ya sa su saurin ci.

Wanda ya haɗa wannan lissafi duka ya ga aljihunsa ba zai ɗauka ba, akwai mafita mai sauƙi, ita ce ya tsaya kusa da girman da kamfani ya sa. Taya mai ƙarin inci ɗaya, mai kaushin da zai kama taɓo, za ta kai shi yawancin wuraren da yake son zuwa, abin da zai rasa kuwa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin taya, da kuɗin aksul, da kuɗin birki, kuɗi ɗaya ne, kuma wanda ba shi da na biyu da na uku bai tara na farko ba tukuna.

A mako mai zuwa filin zai duba birki da kansa, da abin da ya kamata a yi masa bayan an ɗaga mota. Kafin nan, a sauka lafiya.